'Yar Gidan Wa Ce?

A gonarmu gajimare ba a sama yake ba,
ta ƙofar garke yake shigowa da asuba,
ya lashi ganyen dankali, ya jiƙa min gemu,
ya haura inda daji ya soma, can bayan shingenmu.

A nan take zaune.
Ba can ƙuryar daji ba, ba kuma fili ba,
a baki-baki, cikin sarƙaƙiyar siririyar gora
wadda gansakuka ya ɗinka wa riga.
Jar hula, baƙar fuska, ƙirji ruwan ƙwai.
Ƙololuwar bishiya ba ta gabanta,
ƙasa-ƙasa take bi, ita da mijinta,
su tsinci ƙwaro, su ɗanɗani 'ya'yan itace,
in sun haɗu su ɓarke da surutu
kamar sun shekara ba su gaisa ba.

Shekara sittin ina wuce ta da adda a kafaɗa,
ban taɓa tambayar 'yar gidan wa ce ba.

Sai Zoila ta dawo daga Quito,
autata, da raga mai laushin yanar gizo,
da ma'auni ɗan mitsitsi, da littafi mai kunnen jaki.
Ta ce, Baba, riƙe min wannan sanda.
Na riƙe. Sanyin Andes na cin yatsuna.
Kafin madarar safe ta huce
tsuntsuwar na tafin hannunta,
zuciya na bugawa ta cikin gashi.

Ta auna baki, ta auna jela,
ta buɗe fiffike tana neman farin tabo.
Ta ce na wani kwari suna da shi,
na wani kwarin ba su da shi,
dutse ɗaya ya raba su, kogi ɗaya,
malamai na ta gardama:
'yan ɗaki ɗaya ne, ko 'yan maza zar?

Ta ce da can an jingina ta ga wasu dangi na hayin teku
don bakinta ya yi kama da nasu.
Da aka leƙa jini, sai jini ya ce a'a,
kama da wane ba ta wane,
gidan gwarar Amurka ne gidansu.
Aka kwashe ta daga wannan shafi zuwa wancan,
ita kuwa ko reshe ba ta sauya ba.

Na yi dariya har raga ta girgiza.
Na tuna kakana, Eudoro Chiluisa,
wanda magatakarda ya rubuta sunansa iri uku
a takarda uku,
shi ko bai san baƙi ba,
ya san dai inda ruwa ke ɓulɓulowa
da ranar da ƙanƙara za ta ci shuka.

Zoila ta sa mata zobe a ƙafa,
ta buɗe hannu.
Ba ta tashi sama ba, ban sa ran haka ba,
ta faɗa cikin gorar kamar an jefa tsakuwa,
mijin ya tarbe ta da faɗa.

Abin da ban gaya wa yarinyar ba:
wannan kurmin na yi wa alkawarin adda.
Shanu sun ƙaru, ciyawa ta yi kaɗan,
Segundo ya ce zai zo da ɗansa ranar Talata
mu sare har bakin rafi.

Talata ta zo da yayyafi.
Na ce wa Segundo bayana ke ciwo.
Ya dube ni, ya dubi adda a jingine,
ya sha shayinsa ya tafi.

Yanzu kullum in na kai shanu
nakan tsaya a bakin shinge in yi shiru.
Sunanta na boko ya gagari harshena,
Zoila ta rubuta min shi a bangon garke,
ruwa ya wanke rabi.
Ni dai zoben nake nema.
Jiya na hango shi yana ƙyalli a ƙarƙashin ganye,
tana ɗauke da busasshiyar ciyawa a baki.