Baƙar Baƙuwa

Likita Manu ya kawo ta a cikin kwando
ranar da aiki ya ɗauke shi daga Yawuri.
"Sati biyu kawai, Arzika, riƙe mini amana."
Damina uku ke nan, ko wayarsa ba ta shiga.

Da na ɗaga murfin sai na ja da baya.
Mussa ce, in ji shi. To, wace irin mussa?
Geza a wuya sai ka ce ɗan zaki,
tukku a kan kowane kunne,
wutsiya kamar tsintsiyar da ba ta taɓa shara ba,
tafin ƙafarta ya rufe tafin hannun jikana.
Baƙa ƙirin, gindin tukunyar gidan biki.
In ta rufe ido da dare, shi ke nan, babu ta.

Wai kakanninta 'yan ƙasar ƙanƙara ne,
Allah ya yi musu bargo tun suna ciki.
Ga ta yau a bakin Kwara,
inda rana ke dafa albasa a cikin buhu.

Unguwa ta ɗauka.
Inno Hajo ta daina aiko yara ɗibar garwashi,
ta ce baƙar mussa mai girman 'yar akuya
ba a banza take kallon mutum ba.
Mai tallan kifi ta sake hanya.
Wani ya rantse ya ji ta tana magana.
Ni dai abin da nake ji in ta ga na dawo,
ɗan kuka ne siriri, mai karkarwa:
jiki na damisa, murya ta ɗan tsako.

Sai bazara ta kama.
Ta mimmiƙe gindin randa tana haki,
tana tsoma hannu a ruwan kasko tana lasa.
Ƙarangiya ta ɗaure mata gashi ƙulli-ƙulli,
mataji biyu na karya a gadon bayanta.
Ta ƙi karfasa. Ta ƙi madara.
Na aika a kira Kakale wanzami.
Ya ce shekara talatin yana aski
bai taɓa ɗora almakashi a kan aljani ba.
Na ƙara masa ɗari biyar, ya yi bisimilla.

Gashi ya yi ta zuba har ya cika tasa.
Ashe baƙin na sama ne kawai,
can ƙasa, kusa da fata, toka-toka ne,
irin launin da ke kaina.
Ashe rabin girman duk iska ce.
Abin da ya rage a kan tabarma
'yar halitta ce mai haƙarƙari a waje,
da ƙaton kai, da idanu biyu cike da ƙorafi.

Inno Hajo, da ke leƙe ta kan katanga,
ta yi dariya har sai da ta zauna a ƙasa.
"Wannan ce ta hana ni barci?"
Da la'asar sai ga kan tarwaɗa a kwano,
ba ta ce na wa ne ba.

Kwana uku tana ƙarƙashin gado, ba ta dube ni ba.
A na huɗu na tashi da asuba
na tarar da gafiyar rumbun shinkafa
an ajiye mini ita daidai bakin buta,
ita kuwa tana gefe tana wanke fuska
kamar ba ta san zancen ba.

Gashin ya dawo da ruwan sama,
ya fi na da baƙi, ya fi na da yawa.
Yanzu yaran Inno ne ke taje ta,
suna faɗa a kan wa zai riƙe wutsiya.

Kwandon na nan rataye a bango,
gizo-gizo ya yi masa murfi na biyu.
Duk sanda mota ta tsaya a ƙofar gida
gabana yakan faɗi kafin in leƙa.
In Likita ne, na riga na shirya amsa:
zan ba shi ruwa, in tambaye shi hanya,
in ce masa ya yi haƙuri,
sati biyun bai cika ba tukuna.