Gajimare a Cikin Ƙwarya

Kuran ya ɗauke tun bayan lisha.
A Bagalam babu mai mamaki.
Na shimfiɗa tabarma a zaure, kwamfuta bisa cinya,
batir ya ce saura arba'in cikin ɗari,
ni ma kusan haka.

Masu sayar da iri ne suka ba ni aikin.
Shafinsu ya cika maƙil, gero, dawa, wake, riɗi,
amma mai nema sai ya yi ta lalube
kamar wanda zobensa ya faɗa buhun ƙaiƙayi.
Sa mana akwatin tambaya, in ji Elhaji Sahabi,
a rubuta suna, iri ya amsa.

Injin da zai amsa, wai a gajimare yake zaune.
Ba wanda Baba ke ɗaga kai yana dubawa ba
ta gabas, wajen Cadawa, in bazara ta yi nauyi.
Wannan ɗaki ne a wata ƙasa mai sanyi,
haya ake biya duk wata,
ba ya tsawa, ba ya zubar da ko ɗigo.

Kafin in taɓa na can, sai na gina ƙanensa a nan.
Manomin kirki ba ya zuba tiya goma a ƙasa bai gwada ba:
tsaba ashirin a jiƙaƙƙen tsumma,
kwana uku, a ga mai tsira.

Na sauko da manhajar cikin dare, sa'ad da rezo ke numfashi.
Ta tsinke sau biyu, jaka guda ta tafi.
Na buɗe fayil, na gyara saiti,
na ɓoye mabuɗin sirri inda ba zai bi kaya kasuwa ba,
na ba shi ƙofa mai lamba, na ce: tashi.
Ya ƙi.
Jan rubutu, layi bakwai, kamar zagi.
Waƙafi ɗaya na manta.
Waƙafi ɗaya! Har shayi ya huce a barada.

Wajen ƙarfe biyu ya buɗe ido.
Ya haɗiye sunaye ɗari shida da sha ɗaya
bai nemi ruwa ba.
Na rubuta riɗi, ya kawo.
Na rubuta ridi, ya yi tsit,
bai san ba kowace waya ke da ƙugiya ba.
Na zaunar da shi kamar ɗan baƙo:
gujiya da gyaɗa abu ɗaya ne,
mutanen Jibiya ma za su zo saye.
Wanda ya yi lakwal zai rubuta Gulbi da wasu baƙaƙe,
kar ka kore shi, ruwan ɗaya ne.

Da hantsi Gwaggo Tsahara ta shigo aron rariya.
Ta leƙa. Wannan ne mai sanin kowane iri?
To, tambaye shi jan-kunne.
Waken da Inna ke ajiyewa cikin toka, a tulu mai tsaga,
mai nuna kafin gero ya fid da kai.

Na rubuta.
Ba a sami komai ba.

Ta yi dariya, ba ta jin daɗi ba.
Sai ta zauna bakin tabarma, rariya a cinya,
ta faɗi launinsa, da ƙasar da yake so,
da wata tsohuwa a Jiratawa
da wataƙila tana da sauran ƙwarya guda.
Ina bugawa, tana gyara mini.

Ɗari shida da sha biyu.

Batir saura huɗu.
Gobe, in kuran ya dawo, zan tura shi sama
ya zauna da baƙin injuna cikin sanyi.
Yau dai gajimaren nan a zaurenmu ya kwana,
kuma Gwaggo ce ta fara yi masa yayyafi.