Littafin La'ada a Valparaíso

Watan Agusta ne, sanyi na hawo tudu daga teku,
ni kaɗai a ofis, ni da hita mai tari.
Sunana Eulalia. Shekara goma sha bakwai ke nan
ina yanka kuɗin da ba nawa ba.

Yau otal ɗin Puerto Natales ya biya.
Baƙin sun kwana can tun Fabrairu,
mata da miji daga Concepción,
sun ga dutsen ƙanƙara, sun koma gida, ƙila ma sun manta,
sai yanzu la'adarsu ta iso tana ɗingishi:
peso dubu ɗari biyu da arba'in.

Na ɗauki wuƙa.

Babban dillalin Santiago ne farko.
Bai san fuskar baƙon ba, bai san launin ruwan ba,
amma ɗaya cikin biyar nasa ne, haka takarda ta ce.
Kamfaninmu ya bi baya, uku cikin goma na ragowar,
kuɗin haya, kuɗin wuta, kuɗin tambarin jikin ƙofa,
albashina ma a ciki yake, ban ɓoye ba.
Rigoberto na da goma cikin ɗari
don shi ya kawo Fresia cikin sana'ar,
ya koya mata wata uku, yana ci shekara shida.
Sai layi na huɗu, siriri kamar zare:
biyu cikin ɗari, Don Evaristo,
wanda ya kawo Rigoberto tun ana rubuta tikiti da hannu.

Abin da ya tsira, na Fresia ne.
Ita ta ɗauki waya ƙarfe biyun dare
ranar da iska ta hana jirgin ruwa tashi,
ɗanta na zazzaɓi a kafaɗarta,
ta nemo mota, ta nemo ɗaki, ta ba matar haƙuri
har matar ta daina kuka.
Babu layi a littafina mai suna ƙarfe biyun dare.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi,
na sha faɗa a zuci,
sai in tuna ni ce mai riƙe wa gardin jaka.

Don Evaristo ya rasu a watan Yuni.
Na'ura ba ta je jana'iza ba,
har yau tana cire masa kasonsa,
dubu biyu da ɗari shida da tamanin da takwas.
Burodi kilo ɗaya, da ɗan canji.
Yarjejeniya ta ce kaso na bin mai shi kabari,
ya koma hannun wadda ta yi aikin.
Maɓalli ɗaya ne. Yatsana na kansa tun azahar.

Ƙarshen kowane wata Doña Ubalda kan sauko
cikin tsohon keken nan mai hawa tudu da igiya,
da baƙin kwat ɗin mijin, hannun ya yi mata tsawo,
ta karɓi ambulan, ba ta buɗewa a gabana.
Wancan watan ta ce, ashe har yanzu yana aiki.

Na kira Fresia.
Na ce an biya, na karanta mata daga sama har ƙasa,
wane ya ci, wane ya ci, ga naki,
ga kuma wannan, in kin so, naki ne.
Ta yi shiru. Ina jin tukunya na tafasa a bayanta,
yaron na tambayar inda safarsa take.
Ta ce, nawa ne ma?
Na faɗa.
Ta ce, tsohon ya taɓa ara min lema.

Ban san ko amsa ce ba.
Na ɗage yatsa, na kashe hita,
na rubuta sunan a bayan ambulan
da alƙalamin da ya kusa ƙarewa.