Mutuwa Ɗari da Tara

Sau ɗari da tara na mutu a Hong Kong.
Matata Suk-han ce ke riƙe da lissafin
a bayan littafin bashin mai shinkafa.

An jefo ni daga bene hawa shida a Kowloon,
na faɗa kan kwalayen da na jera da hannuna.
An nutsar da ni a tashar jiragen ruwa,
ruwan na warin man inji da ruɓaɓɓen kifi.
Sau biyu an ƙone ni. Na biyun wutar ta zarce,
girata ta hagu har yau ba ta dawo ba.

Tabon kumatun nan ba aikin mai kwalliya ba ne.
Man suya ne, a rumfar taliyar babana,
ina shekara bakwai.
Darakta ya hango shi ina dako a kasuwa,
ya ce: Mok Tin-yau, fuskarka ta gama rabin aikin,
kai dai kada ka yi murmushi
sai za ka yi kisa.

Haka na zama bos.

Jarumai sun zo sun wuce, sumarsu na sheƙi.
Ni ke nuna musu inda za su sa ƙafa:
nan, ƙasan haƙarƙari, kada ka tausaya mini,
juyo da fuska kyamara ta same ka.
Wani ya karya mini hanci, ya ɓuya yana kuka,
ni na lallashe shi, jini na bin rigata.
Da fim ya fito aka liƙa hotonsa a jikin bas,
tsawon mutum uku.
Sunana na can ƙasa, inda taya ke watsa taɓo.

Wata mai kifi a Sham Shui Po
ta yi shekara uku ba ta sayar mini ba,
wai na kashe uwa a gaban ɗanta.
Na ce uwar na nan lafiya, jiya muka sha shayi.
Ta tofar da yawu.
Kura, ko ta ci ko ba ta ci ba, bakinta da jini.
Ban ji haushi ba. Tofin nan
shi ne kaɗai lambar yabon da aka taɓa ba ni.

Na iya mutuwa, kowa ya shaida.
Na san yadda gwiwa ke fara saki,
yadda hannu ke neman bango ya rasa.
Amma daren da Suk-han ta tafi, a gado na sha huɗu,
ba ta yi ko ɗaya daga ciki ba.
Ta ce in rufe taga, ta juya.
Na tsaya ina jiran a ce an yanke,
ta tashi ta karkaɗe riga mu tafi gida.

Yanzu gwiwoyina ke faɗa mini ruwa zai sauka.
Ran Lahadi jikata Ka-yan ta zo da sandar tsintsiya,
ta auna ni: Kaka, mutu!
Na dafe ƙirji, na bi kujera a hankali,
na zube kan dardumar, ido a buɗe.
Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ɗari da goma.
Babu mai rubutawa.