Gahawar Ƙarfe Uku

Shekara goma sha ɗaya ina aikin dare
a shagon gidan mai na titin Salem, cikin Dayton,
ni da rediyo da injin gahawa mai tari.
Ƙarfe uku motarta kan tsaya a famfo na huɗu.
Lavonne Gaskin. Saje.
Baƙar gahawa, ba sukari,
kuma ba ta taɓa yarda na yafe mata kuɗin ba.
"Mamuda, kyautar da aka yi wa mai bindiga
bashi ce," sai ta dire dala biyu.

Daren da yaron ya shigo da hula har hanci,
hannunsa na rawa fiye da nawa,
ita ta kamo shi bayan coci kafin asuba.
Ta kira sunansa tun ba ta cire hular ba.
Kakarsa ce ta yi mata kitso ranar aurenta.

Sau biyar ta sa wa Deshawn ankwa cikin shekara shida.
Uku daga ciki ba sata ba ce:
tarar da bai biya ba ta haifi tara,
tara ta haifi sammaci,
sammaci ya cinye aikin da zai biya tarar.
Wani dare, dusar ƙanƙara na lasar gilashi,
ta ce, "Kwando nake ta cikawa da ruwa.
Zan je in ga masu saƙa kwandon."

Ta ajiye kaki bayan shekara ashirin da biyu,
da gwiwa ɗaya mai sanin ruwa na tafe.
Ta bi gida gida tana ƙwanƙwasa ƙofofin
da ta taɓa ɓallewa da kafaɗa.
Wasu suka leƙo ta labule
suka ce kura ce da fatar akuya.
Abokan aikinta kuma suka daina ɗaga mata hannu.
Ta zama jemage, tsuntsaye sun ƙi, ɓeraye sun ƙi.

Na liƙa hotonta kusa da farashin madara.
A shekarar na karɓi takardar zama ɗan ƙasa;
ƙuri'ata ta fari a ƙasar nan tata ce.
Da ɗari uku da sha biyu ta haye.

Yanzu mil saba'in take tuƙi zuwa Columbus,
majalisar jiha, mai kafet mai haɗiye sawu,
inda babu mai gudu in ya hango ta,
amma kowa ya iya ɓuya a bayan murmushi.
Ƙudurinta ya shiga kwamiti yana bijimi,
ya fito ɗan akuya mai ƙafa uku.
Ta karɓa a haka.
Ta kuma ɗaga hannu ga wani kasafin kuɗi
da ya sa na yi tsaki na kashe talabijin.
Wata biyu ban amsa saƙonta ba.

Talatar da ta wuce, ƙarfe uku,
wata 'yar mota ta tsaya a famfo na huɗu.
Kwat ruwan toka, furfura ta ci gaban kai.
Har yau ba ta ba ƙofa baya.
Na ce, "Ya masu kwando?"
Ta ce, "Na toshe rami ɗaya.
Sun sayar min da shi da tsada."
Ban tambayi nawa ba. Na riga na gani.

Na gaya mata Deshawn na ɗaura taya a gareji,
wata takwas ke nan,
yana rage tararsa goma goma duk ƙarshen mako.
Ko raminta ne, ko addu'ar kakarsa,
ni dai ban sani ba, ita ma ba ta ce ba.
Ta tsaya tana hura gahawa.

Jiniya ta tsaga titi ta wuce.
Hannunta ya tashi da kansa zuwa kafaɗa
neman oba-obar da ta ajiye tun shekara huɗu.
Ta dubi hannun, ta yi dariya,
ta dire dala biyu.

Na ce, "Ta koma uku tun bara."
Ta shiga laluben aljihu.