Safiyar Asabar a Gaɓar Charmouth

Teku ta ja da baya, ta bar gefen zanenta a jiƙe.
"Ku nisanci gangaren nan," in ji Kaka Winifred,
"ko jiya sai da ya zubo."

Tamsin, da ruwa cike da takalmanta,
ta tsinci dutse mai launin toka.
Babanta ya ɗaga guduma. Bugu ɗaya, shiru.
Na biyu,
dutsen ya dare kamar ɓawon gyaɗa:
ga halitta a naɗe, tamkar ƙahon rago,
tana barci tun ba a yi idon ganinta ba.

"Mun tashe ta?"
Kaka ta dubi agogo, ta dubi ruwa.
Yarinyar ta cusa ta cikin safar hannu
don kada ta ji sanyi.