Hawa na Goma Sha Huɗu

Daren jiya na rina gemu.
Rumasa'u na riƙe da madubi, tana danne dariya:
"Baba, ka zubar da shekara takwas."
Na ce, takarda ba ta shan rini.

Jidda da hantsi, teku na huci a bayan gilashi.
Mu bakwai ne a kujerun jira,
shida sa'o'in ɗana.
Ɗaya ya miƙe ya ba ni wuri,
ya zaci wani na rako.

Shekara ashirin da shida
ina ɗaki marar taga a kamfanin jiragen ruwa,
ni da injunan da ke riƙe da lissafin kowa.
Na san kukan kowace fanka
yadda makiyayi ya san tarin saniyarsa.
Shekarar da ambaliya ta shigo gari
a kaina na ɗauko faifan ajiya, ruwa iya ƙirji,
albashin mutum ɗari huɗu bai makara ba.
Daga baya aka ce an kwashe komai zuwa gajimare.
Gajimare!
A garin da hadari ke zuwa kamar baƙon kunya.

Nawwaf ne sunan mai tambaya.
Yaro mai ladabi, da kansa ya zuba mini gahawa.
Ya juya takarduna, ya tsaya a shekarar haihuwa
kamar wanda ya tauna tsakuwa a shinkafa.
"Ƙwarewarka ta fi ƙarfin wannan kujera."
"Muna gudu sosai a nan."
"Ina kake hango kanka nan da shekara goma?"
Kalmar tsufa ba ta fito ba,
ta dai zauna tsakaninmu tana shan gahawa.

Ban ce masa saura kwana hamsin da uku igamata ta mutu ba.
Ban ce masa a Karantina aka yanke cibiyata ba,
kakana ya tako daga Haɗeja da ƙafa,
garin da ban taɓa gani ba sai a fasfo.
Na ce ina karatu da dare,
harshen inji na biyar nake koyo,
malamina bai kai Rumasa'u ba.

Sai allonsa ya daskare.
Ya danna, ya sake dannawa, ya kira wani bai ɗauka ba.
Ni kuwa tun shigowata na hango ta,
wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a ƙarƙashin tebur.
Gwiwata ta yi ƙara da na durƙusa.
Minti ɗaya.

"Allah ya ba ka lafiya, Malam Ukashatu.
Za mu kira ka."

A madubin lif na ga zufa ta yi aikinta:
baƙin layi a wuyan farar riga.
Na gyara maɓalli.
Akwai wani ofis a titin Tahliya, ƙarfe biyu.